Dillalin Shanu Ma Koya Ya Yi: Martani Ga Mai Cewa Iya Magana Baiwa Ce

Makonni uku da suka wuce, wani dattijon marubuci da na daɗe ina bibiyar alƙalaminsa ya yi rubutu a wannan mujalla kan yawaitar tarukan da ake koya wa matasa jawabi a gaban jama'a. In na fahimci Malam daidai, ga inda ya tsaya: iya magana baiwa ce, Allah ke ba wanda ya so, wanda bai samu ba kuwa ko shekara goma aka yi ana koya masa ba zai iya ba. Ya ƙara da cewa tarbiyyarmu a kan kunya da kawaici aka gina ta, don haka duk wanda ya koya wa yaro miƙewa ya yi magana a gaban manya, fitsara ya koya masa. Ya rufe da cewa ƙasar nan ba masu zaƙin baki ta rasa ba, su ne ma suka kai ta inda take.

Sau biyu na karanta. Ina girmama Malam, ya haife ni a shekaru, ya kuma riga ni riƙe alli. Amma ban yarda da shi ba, kuma abin ya tsaya mini a rai, domin ni da idona na ga abin da wannan ra'ayi yake jawo wa yaranmu.

Bara taransifomar unguwarmu ta ƙone. Muka yi wata huɗu a duhu. Da ƙyar da jiɓin goshi aka samu wani jami'i daga hukumar da abin ya shafa ya yarda zai zo ya saurare mu, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Wanda aka ɗora wa yin magana da yawunmu shi ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa, saurayi mai hankali, mai digiri a fannin injiniya, wanda ya fi kowa a wurin sanin abin da ya lalace da abin da gyaran zai ci. Ya rubuto shafi huɗu. Da ya miƙe, sai ya fara jero gaisuwa: mai girma wane, mai girma wane, mai girma wakilin wane. Minti biyar suka tafi a nan. Takardar tana karkarwa a hannunsa, kansa a sunkuye, muryarsa tana komawa cikin ƙirjinsa, har na baya suka fara cewa a ɗaga murya. Jami'in ya duba agogo, ya duba waya, ya karkata ya raɗa wa na kusa da shi wani abu. Kafin yaron nan ya iso shafi na uku, inda ainihin buƙatar take, ladan ya fara gwada lasifika.

Sai wani tsoho ya dogara sandarsa ya tashi. Ya yi sallama, ya gai da mai unguwa da baƙo da jama'a a numfashi ɗaya, sannan ya yi shiru. Bai ce uffan ba sai da jami'in ya ɗago kai. Ya ce: "Ranka ya daɗe, wata huɗu ke nan. Mai niƙa ya rufe shago. Mai walda ya koma acaɓa. Baiwar Allah da ke sayar da ƙanƙara tana ciyar da marayu ta sayar da firjinta. Mun tara rabin kuɗin, yana hannun Liman. Abu ɗaya muke so mu ji kafin a kira salla: wace rana?" Ya zauna. Jami'in ya zaro biro, ya faɗi rana.

Da aka watse, kowa abu ɗaya yake faɗa, irin abin da Malam ya rubuta: kai, tsohon nan Allah ya yi masa baiwar magana. Ni kuwa na san shi, tsohon dillalin shanu ne. Bayan kwana biyu na je na gaishe shi na tambaye shi inda ya samo wannan abu. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, a kara." Tun yana ɗan shekara goma kawunsa yake tafiya da shi kasuwar Wudil duk Juma'a. Shekara uku aikinsa riƙe igiya, ba a yarda ya sa baki a ciniki ba. A hanyar komowa kawun zai yi ta yi masa tambayoyi: me ya sa mai saye ya gyara hularsa sa'ad da aka ce albarka? Da Bafillacen ya juya baya ya kalli saniyarsa, fushi ya yi ko lissafi yake? Ranar da aka fara sakar masa ɗan maraƙi ya sayar, ya yi ta zuba yabo, yana faɗin ƙiba yana faɗin lafiya, har mai sayen ya yi zaton akwai aibin da ake ɓoyewa, ya tafi. Kawun bai yi masa faɗa ba. Ya ce masa kawai, in ka faɗi kuɗi ka kama bakinka, ka bar shirun ya yi maka aiki. Shirun da ya yi a ƙofar mai unguwa har jami'i ya ɗago kai, ashe darasi ne mai shekara sittin.

Wannan ita ce maganata da Malam gaba ɗaya. Mafi yawan abin da muke kira baiwa koyo ne da aka yi ba a gabanmu ba. Muna ganin mutum ranar da ya nuna, ba mu ga shekarun da ya yi yana riƙe igiya ba.

Ban musanta cewa Allah ya fifita wasu a murya da kaifin harshe ba. Akwai yaron da tun yana rarrafe za ka ji bakinsa da gishiri. Amma wa ya taɓa cewa tunda ƙira baiwa ce a daina kai yara maƙera? Mai kyakkyawar murya ma sai ya durƙusa gaban alaramma ya koyi tajwidi, a tsayar da shi a kan harafi ɗaya har sai ya fito daga mafitarsa. Hausawa da suka ce in kana da kyau ka ƙara da wanka sun riga mu raba wannan gardama.

Malam ya kafa hujja da manyan da suka wuce. Ya ce wa ya koya wa Tafawa Ɓalewa, wa ya koya wa Ɗanmasani? Tambayar tana da amsa, kuma amsar ba ta goyon bayansa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, makarantar da ta yi suna wajen matsa wa ɗalibai kan furuci da lafazi. Daga nan ya koma Bauchi ya yi shekaru yana tsayawa gaban aji kullum, wanda shi kansa horo ne da babu irinsa, domin yara ba sa ɓoye gajiyarsu. A farkon shekarun 1940 yana cikin zauren tattaunawa na Bauchi tare da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, inda ake ajiye batu a yi ta kai-kawo a kansa, har muhawarar ta yi zafin da hukuma ta rufe zauren. A 1945 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa. A 1950 ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, a lokacin da faɗin haka yake buƙatar zuciya da iya zaɓen kalma. Saboda haka mutumin da ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960 ya riga ya yi shekara talatin yana wasa wannan wuƙar. Ɗanmasani kuwa, wato Alhaji Yusuf Maitama Sule, shi ma malamin makaranta ne kafin ya shiga majalisa a 1954, kuma ya tashi a gidan sarauta a Kano, inda yaro yake jin yadda ake gaisuwa da kai ƙara da isar da saƙo tun kafin ya san baƙi da wasali. Ko bayan da idanunsa suka yi rauni yakan yi awa guda yana jawabi ba takarda, jama'a ba sa motsi. Mai ganin wannan ya ce baiwa, ya yi gaskiya, amma rabin gaskiyar ya faɗa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Malam ɗan zaure ne, ya san akwai fanni sukutum da ake kira balaga, mai rassa uku: ma'ani da bayani da badi'i. Ya san ana karanta Jauharul Maknun na Ahalari da Uƙudul Juman na Suyuɗi a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato. Tushen fannin kuwa shi ne magana ta dace da halin da ake ciki da wanda ake yi wa ita. In abin ba ya koyuwa, me ya sa malamai suka ɓata tawada suka tsara shi babi-babi? Malamin adabin Larabci Jahizu ya ba da labarin Wasilu ɗan Aɗa'u, mutumin Basra, wanda harshensa ba ya iya furta harafin ra. Ba aƙidarsa nake magana ba, himmarsa nake nufi. Mutumin nan ya horar da kansa har yakan yi doguwar huɗuba ba tare da ya kawo kalma ɗaya mai wannan harafi ba. In zai ambaci alkama, sai ya kauce wa sunanta mai ra ya ɗauko wani. Da a ce ya ji shawarar Malam, da ya koma gida ya ce ba a ba shi ba. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka aike shi wurin Fir'auna, roƙo ya yi a warware masa ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna da ya fi shi fasaha. Wato ya ɗauki isar da saƙo a matsayin abin da ake nema a kuma yi masa tanadi. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba ya sauri a magana, kuma yakan maimaita zance sau uku don a gane. Wannan hanya ce, kuma hanya ana bin ta.

A gida ma haka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bayyana a Infaƙul Maisuri yadda mahaifinsa Shehu Usmanu yake fita wa'azi: yakan ɗan tsaya shi kaɗai kafin ya fito, ya sabunta niyya, ya roƙi Allah ya fahimtar da masu sauraro, sannan ya fito da sakin fuska ya yi wa jama'a sallamar da kowa zai ji. Yakan yi wa mutane magana da harshen da suke ji. Ɗiyarsa Nana Asma'u kuwa ba ta jira a haifi mata masu baiwa ba. Ta zaɓi jajoji, ta koyar da su, ta naɗa musu malfa, ta tura su ƙauyuka su tsaya gaban 'yan'uwansu mata su karantar. 'Yan Taru, wato wannan ƙungiya tata, makarantar koyon isar da saƙo ce da baki, tun ƙarni na 19. Har littafin da Malam ya ambata a rubutunsa, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, in ya koma juzu'i na uku zai tarar da Waziri Aku zaune yana koya wa ɗansa Fasih yadda ake ba da labari. Imam bai bar ɗan aku ya dogara da gado ba.

To, in haka ne, me ya sa a da ba a buɗe ajin koyon magana ba, sai yanzu? Domin a da rayuwar ce ajin. Yarinya takan zauna gaban kakarta da dare ta ji tatsuniya, gobe a ce ita za ta yi, in ta tsallake wani wuri ƙannenta su yi mata ca. A dandali ana kacici-kacici, ana karya harshe, ana ba'a tsakanin taubasai, wanda duk ya yi nauyin baki ya sha dariya, gobe ya zo da shiri. Yaro yakan raka baffansa neman aure ya ji yadda ake cewa an zo neman iri, yadda ake ƙi ba a ce a'a ba. Ɗan maroƙi yana bin ubansa, ɗan sanƙira yana jin yadda ake shela, almajiri yana tashi ya biya allonsa da ƙarfi gaban tsara. Waɗannan wurare sun yi ƙaranci, musamman a birni. Kaka tana ƙauye, dandali ya zama shaguna, da dare kowa ya sunkuya kan wayarsa. Makarantar boko da ta karɓi yaran kuma ba ta maye gurbin ba. A aji mai ɗalibi ɗari, yaro yana iya shekara shida bai yi jimla uku a jere da baki ba, in ban da amsa amo. Kai, hatta takardar jarabawar Turanci ta kammala sakandare da aka ce ta gwajin furuci ce, da fensir ake amsa ta, a zaɓi A ko B. Yaro zai ci jarabawar magana bai buɗe baki ba. Sannan ranar kare kundin digiri a tsayar da shi gaban malamai biyar, ya daskare, mu ce ba shi da baiwa. Wannan zalunci ne.

Sai batun kunya, wanda a nan ne na fi jin nauyin saɓa wa Malam, domin ni ma ba na son ganin yaro yana ɗaga wa babba murya ko yana nuna shi da yatsa. Amma tsohon da na ba da labarinsa, wa ya yi wa rashin kunya? Ya ce ranka ya daɗe, ya rusuna, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ladabi ma wani sashe ne na iya magana, kuma shi ma koya ake yi. Wanda bai iya ba shi ne yake faɗawa ɗayan rami biyu: ko ya haɗiye maganarsa har ta zama ciwo, ko ranar da ta fashe ta fito da zagi. Yawancin ashar da muke gani a Facebook daga matasanmu na ɗauke shi a matsayin kukan wanda ba a taɓa koya masa yadda ake saɓa wa mutum cikin mutunci ba.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, wa wannan kunyar take ci? Na taɓa raka wata ƙanwar mahaifiyata asibiti da jikanta ba lafiya. A gida ta zayyana mana komai: yaushe zazzaɓin ya fara, sau nawa ya yi amai, wane magani aka ba shi. Da muka shiga gaban likita ya ce me ke damunsa, sai ta ja mayafi ta ce, "Jikin ne dai." Da ba na wurin, da abin da likita zai yi aiki da shi ke nan. Matar da aka cinye wa gado, in ta je gaban alƙali tana buƙatar ta jera zancenta daki-daki. Manomin da aka yi wa ɓarna a gona, haka. Hajiya Gambo Sawaba ta hau dandamali a Zariya a zamanin da ake ganin hawan mace abin kunya ne, ta sha ɗauri sau da dama a kan haka, kuma cikin abin da take nema har da 'yancin mata na jefa ƙuri'a, wanda matan Arewa ba su samu ba sai a shekarun 1970. Yau duk macen da ta bi layin zaɓe tana cin moriyar bakin da aka so a rufe.

Akwai kuma abin da Malam bai duba ba. 'Ya'yan masu hali ana koya musu. A makarantun kuɗi akwai ƙungiyar muhawara, akwai ranar da kowane yaro zai fito gaban aji ya yi bayani, akwai malamin da zai ce masa ɗago kanka, sassauta, sake faɗa. In muka ce wa sauran baiwa ce, su zauna su jira, to mun raba yaran gida biyu: waɗanda za su yi magana da waɗanda za a yi magana a kansu. Ranar ganawar ɗaukar aiki kuwa a ɗaki ɗaya za a tara su.

Inda na yarda da Malam, na yarda da shi ƙwarai. Da yawa daga cikin tarukan da yake suka ba su da amfani. A kama ɗaki a otal, a karɓi kuɗin yara, wani ya sa kwat ya yi ta zagaye yana ɗaga murya yana kwaikwayon masu wa'azin Amurka, a raba takardar shaida, a watse. Yaro ya fito da 'yan kalmomin Turanci da tafiyar ƙasaita, ba abin faɗa a cikinsa. Har koya musu ake su ƙura wa babba ido, alhali a wurinmu wannan raini ne. Abin da ake buƙata shi ne ka ɗago fuska muryarka ta fita, ka riƙa waiwayar ɓangarorin taro, ba ka tsare dattijo da ido ba. Na kuma yarda cewa zaƙin baki ya cuce mu, a siyasa da kasuwa har da kan mumbari. Sai dai maƙaryaci ba ya jiran izinin Malam kafin ya koyi sana'arsa, kullum yana kan gwaji. In masu gaskiya suka ƙi koyo, filin nasa ne shi kaɗai. Ban da haka, wanda ya san yadda ake gina hujja shi ne yake saurin gane inda aka yi masa rufa-ido. Yaron da ya taɓa zama ya tsara muhawara, in ɗan takara ya zo yana alkawari, zai ji wurin da zancen ya yi tsalle.

Shekara biyu ke nan ina zama da matasa goma sha biyu zuwa sha biyar duk Laraba bayan la'asar, a wani aji da wata makarantar Islamiyya ta ara mana. Ba a biyan ko kwabo. Sakataren nan na unguwarmu yana cikinsu. Shi ya zo da kansa bayan abin da ya faru. Bari in gaya wa Malam abin da muke yi, ya auna da kansa ko fitsara ce.

Kafin kowa ya miƙe, sai ya faɗa mini a jimla ɗaya abin da yake so mutane su tafi da shi. In ya kasa, bai shirya ba, ya koma ya zauna. Wannan kaɗai yakan ci mana makonni, domin yawancin abin da ake kira tsoron taro rashin sanin abin faɗa ne; mutum yana da abu goma a kai, bai yanke wanne ne uba ba. Sannan in tambaye shi: su wa za ka yi wa? Bayanin allurar rigakafi gaban likitoci daban, gaban iyaye mata a gidan suna daban. Da Hausa muke farawa, ko da a ƙarshe da Turanci mutum zai yi, saboda na lura yaro yakan ɓuya a bayan Turanci, ya jero manyan kalmomi shi kansa bai san me ya ce ba. In ya iya faɗa wa kakarsa ta gane, to ya san abin. Gaisuwa numfashi ɗaya muke ba ta, a girmama na girmamawa a wuce. Ba ma haddace jawabi, domin mai hadda in kalma ɗaya ta ɓace masa duk ginin ya rushe. Ƙaramar takarda muke riƙewa mai kalmomi huɗu ko biyar, kamar turakun da ake bi. Farkon zance da ƙarshensa kaɗai nake so su zauna daram a ka.

Wayar da muke kuka da ita, a nan ta yi mana rana. Kowa sai an ɗauke shi minti uku, ya zauna ya kalli kansa. Ranar da sakatarenmu ya ga nasa, ya ƙirga "to" da "ka gane" ashirin da wani abu, ya ga yadda yake lilo da ƙafa ɗaya kamar mai jin fitsari. Ban ce masa komai ba, gwano ne aka nuna wa jikinsa. Rawar murya kuwa na gaya musu ba ta da magani sai numfashi da maimaici: ka tsaya da ƙafa biyu, ka ja iska har ciki kafin kalmar farko, ka yi wa na layin ƙarshe magana. Tsoron ba ya tafiya duka, raguwa yake har ya zama abin da za ka iya ɗauka. Masu zuwa da kwamfuta su haska bayani a majigi kuma, sharaɗina ɗaya ne: sai ka yi mana jawabin sau ɗaya majigin a kashe. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wanda ya zuba duk iliminsa a allo ya juya wa jama'a ƙeya yana karantawa, ranar da ta ɗauke ya gama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata yarinya a cikinsu mai in'ina. Watanni biyu na farko ba ta yarda ta miƙe ba, daga zaune take magana, a hankali, ƙawarta tana riƙe da hannunta. Muka gano cewa in ta rage sauri ta yanka jimlolinta gajeru, harshen yakan sake ta. In'inar ba ta rabu da ita ba har yau. Amma a watan jiya ita ta tsaya gaban iyaye a taron makarantar ta yi bayanin dalilin da ya sa ake so a bar 'yan mata su kammala sakandare, minti huɗu, ta tsaya sau biyu ta ja numfashi ta ci gaba. Mahaifinta yana layi na biyu. Na ga ya cire hula ya share fuska ya mayar. A ma'aunin Malam, wannan yarinya tana cikin waɗanda ba a ba su ba.

Malam, na sha jin ka a rediyo, na kuma taɓa zama a taron da ka yi jawabi, ka riƙe mu kusan awa ba wanda ya yi tari. Na san ka yi shekaru kana koyarwa kafin ka kama alƙalami. Ina roƙon ka, don girman Allah, ka zo mana wata Laraba. Ba muhawara za mu yi ba. So nake ka zauna gaban yaran nan ka gaya musu wa ya fara tsayar da kai gaban jama'a, kana ɗan shekara nawa, da abin da ya faru da muryarka a ranar.